Yadda Kaka ta tsallaka titi a tsakiyar shanu

Jama'a, yau na gane saniya ta fi mutum daraja a garin nan!

Da safe Baba ya ce in raka Kaka allura a tsallaken titi. Ƙarfe takwas mai allurar yake kulle shago ya hau motar Abuja, ga ƙafar Kaka ta kumbura kamar kabewa. Tun da gwamnati ta koma Abuja direbobin nan suka manta inda birki yake. A bakin titi na ɗaga wa motoci hannu har ya yi tsami. Wani kwandasta ya leƙo ya ce, "Kai yaro, tsohuwar taka ta gaji da duniya ne?"

Kaka ta ce, "Maigida, kana tsaye ake zagin matarka?"

Ina neman dutse sai ga wani Bafulatani ya koro shanunsa. Ko hannu bai ɗaga ba, motocin nan suka tsaya cak. Kafin in waiga, Kaka ta kutsa tsakiyar garken, ta dafa wani bijimi tana ɗingishi. Na bi ta ina taka kashi.

Na tsaya gaban wani direba na ce, "Malam, ka tsaya wa saniya, mu fa?"

Ya ce, "Saniya tana lotsa mota."

Allura dai mun samu. Amma har azahar muna zaune a ƙofar shagon, don Kaka ta rantse ba za ta koma gida ba sai wasu shanun sun zo.