Yadda Karɓar Baƙi Ya Mayar da Ni Ƙarshen Layi

Masu turo saƙo suna tambayar ina Hajiya mai turaren wuta ta shige, ga ni. Ban mutu ba, ban kuma koma Sudan ba. Ina nan unguwarmu ta Ainu Shams, a hawa na huɗu, kwanciya ce ta riƙe ni.

Abin ya fara ne da cokali. Ina juya shayi ya suɓuce, na ɗauka ya sake suɓucewa. Na buɗe baki in yi masa faɗa, sai na ji harshena ya yi nauyi.

A asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ya kawo ta. Hoton ƙwaƙwalwa da magani suka cinye 'yan kunnena na zinariya. Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Ranar sallama likita ya dubi 'yata Nafisa ya ce, "Ko a samu mai kula da ita a gida, ko a kai ta gidan tsofaffi." Nafisa aikin gida take yi a unguwar Mohandessin, da shi muke biyan haya. In ta zauna da ni, mai gida ya kore mu. In ta tafi, ni da bango.

Aka ce mana akwai shirin hukuma da ke turo ma'aikaciya har gida, ta yi wa mutum wanka da gashin ƙashi, kyauta. Sai dai akwai layi, kuma wanda ya fi jin jiki shi ake sa wa a gaba. Za a aiko wata ta zo ta duba ni.

To, ni aka ce baƙuwa za ta zo gidana.

Maƙwabciyata Hajja Batulu ta shigo tun da safe, Nafisa na wurin aiki. Ta share, ta goge, ta tura fo da sandata can ƙarƙashin gado. Ta naɗa min mayafina na biki, ta rufe hannun da ya shanye, ta sa min kwalli. Muka turare ɗakin har sauro ya yi hijira.

Matar ta shigo tana haki saboda bene. Ta ce, ya jiki? Na ce alhamdulillahi, tamam. Barci fa? Lafiya lau. Abinci? Sai godiya. Wa ke taimaka miki? Na ce ai jama'a ba sa barina. Har na matsa mata sai ta ƙara shayi. Ta fita tana cewa ta daɗe ba ta ga majinyaciya mai ƙarfin hali irina ba, ni kuwa har kaina ya kumbura.

Da amsa ta zo, an kai ni can ƙarshen layi, bayan masu ciwon gwiwa.

Nafisa ta zauna a bakin gado ta ce, "Inna, kin ci jarrabawar da ake so a faɗi."

Na ce, "To so kike in tari baƙuwa da ƙorafi? Haka aka raine mu?"

"Khalas, shi ke nan. Sai ki je gidan tsofaffi ki yi ta ba su shayi."

Ta yi ta sintiri a jirgin metro zuwa ofishinsu har aka yarda a sake duba ni. Kafin ranar, kullum da yamma sai ta zauna ta zama matar ofis. "Ya jiki, Hajja?" In ce da sauƙi, ta dafe kai. Hajja Batulu kuwa aka kafa mata doka: ko tsintsiya aka gani a hannunta, zumunci ya ƙare.

Ranar ta zo, babu kwalli, babu turare, fo yana tsakar ɗaki kamar shi ne mai gidan. Matar ta ce, ya jiki? Bakina ya riga ni: alhamdulillahi. Nafisa ta mintsine ni, ta yi rashin sa'a a ɓarin da ba ya ji.

Matar ta ajiye biro ta ce, "Alhamdulillahi kowa na yi, ya Hajja. In 'yarki ta fita, wa ke kai ki banɗaki?"

Na ce babu kowa. Na ce tun da na dawo daga asibiti ba na shan ruwa daga safe sai ta dawo, don kada buƙata ta kama ni ina ni kaɗai.

Nafisa ba ta sani ba. Ta tashi ta shiga kicin, na ji famfo yana zuba, ya daɗe bai tsaya ba.

Ba a yi wata ba aka turo min Madam Su'ad, mace mai hannu kamar na maƙeri. Ba ta san ma'alish ba, wato sannu, yalla kawai ta sani, wato tashi mu je. Na tsine mata a zuci ba adadi, yanzu kuma ina sa ta a addu'a. Jiya na sauka bene da ƙafata na sayo tumatir, mai shago ya cuce ni, na ji daɗin samun bakin yi masa faɗa.

Na gode wa Allah, na gode wa Nafisa, da Hajja Batulu da ta ɓata min lamari da kyakkyawar niyya.

Ku riƙa auna jininku. In hannu ya saki ko baki ya karkace, asibiti nan take, kada a tsaya shafa man zafi. Ku sa suna a layi da wuri, ku riƙa bibiya. In mai dubawa ta zo, ku gode wa Allah, sannan ku faɗa mata gaskiya.

Masu tsofaffi a gida kuma, kada ku tsaya a "ya jiki". Ku tambaye su ko sun sha ruwa.