Ƙarshen da Iya Ta Raɗa Mini

'Yata Amira ce ta tono maganar. Shekarunta goma sha biyar, a nan Kuala Lumpur ta yi wayo, in na yi mata Hausa sai ta amsa da Turanci, in ta ga dama ta ɗora "lah" a ƙarshe irin na mutanen ƙasar nan. Ran nan muna cikin jirgin ƙasa daga Titiwangsa za mu koma gida Pantai Dalam, ta tura mini wayarta a fuska. Wai jerin littattafan matasa ne da za su fito a bazarar Turawa, ita da ƙawayenta har kwanaki suke ƙirgawa. Na ce wace bazara kuma, a ƙasar da zafi da ruwan sama ba sa hutu har shekara ta zagayo? Ta ce ni dai in duba na huɗu.

Na duba. Hoton yarinya ne da ɗankwali a bangon, a ƙasa an yi bayani layi uku: wata yarinya ce a ƙasar Hausa, inuwarta takan fita yawo da yamma ta dawo da kayan da ba nata ba. Sunan marubuciyar na aro ne, ba hoto, ba gari. Na karanta sau biyu. Wannan ai tatsuniyar Iya ce, kuma na san ba a kasuwa aka tsince ta ba.

Iya ita ta haifi babanmu. A Bichi take, ƙuli-ƙuli take soyawa, shi ya sa murhunta ba ya mutuwa da wuri. In an idar da isha'i, mu jikokinta bakwai mukan zagaye garwashin, ta watsa mana gyaɗa cikin toka muna tonowa muna ƙona yatsu. Dokarta ɗaya ce: tatsuniya da wuta tare suke tafiya, in garwashi ya dushe ta yi shiru, kuma ba a ƙara ice. Ba ta fara labari irin na kowa. Sai ta gyara zama ta ce, "Ga wata baƙuwa ta iso, ku matsa mata wuri." Mu kuwa mu matsa da gaske.

Na Gizo da Ƙoƙi kowa ya san su. Ta Ladi da inuwarta kuwa Iya ce ta ƙago abarta, don na tambayi 'yan ajinmu kaf ba wanda ya taɓa jin ta. Ga yadda take. Ladi 'yar masaƙi ce. Wata rana da la'asar ta waiwaya ba ta ga inuwarta ba. Sai dab da magariba inuwar ta dawo, da awarwaro a hannu. Washegari ta dawo da zobe, jibi da mataji. Ladi kuwa tana lura. A rana ta huɗu ta bi sawunta, ta bayan marina, ta gefen kududdufi, har gindin wata tsamiya. A jikin tsamiyar akwai ƙofa, inuwar ta shige. Ladi ta ɗora hannu a kan ƙofar.

Nan ne wuta ke mutuwa, kullum. Har yau ina zargin Iya da gangan take auna icen. Mu yi ta magiya, ita kuwa ta kakkaɓe zani ta ce, "Baƙuwa ta gaji, ku bar ta ta kwanta."

Ya kamata in faɗi irin yarinyar da nake. Komai sai na bincika. In gyaɗata ta ragu, na san wanda ya ci tun kafin in ƙirga. In takalmina ya ɓata, Binta ce, 'yar baffanmu, tsarata, wadda muke kwana tabarma ɗaya. Sau da yawa takalmin a ƙarƙashin turmi yake, inda na bar shi, amma ban taɓa ba ta haƙuri ba. Iya takan ce, "Rabi, ke ko kaza ce ta kalle ki sai kin ce da manufa."

Wata rana kwanan ɗakin Iya ya zagayo kaina. Ina matsa mata ƙafa da man zafi, ta ce in kawo kunnena. "Kina son ki ji abin da Ladi ta gani? To, amma tsakaninmu ne." Ta ce Ladi sanda ta ɓoye a bayanta. Ta banko ƙofar tana ihun ɓarauniya, sai ta tarar da inuwarta a durƙushe tana yi wa wata tsohuwa makauniya kitso. Tsohuwar ba ta da kowa, kayan nan kuwa tukuici ne take bayarwa a kai wa Ladi. Inuwar ta ga sandar, ta kalli Ladi, ta fice ta taga. Ba ta sake dawowa ba. Ladi ta girma, ta tsufa, ko'ina ta tsaya a rana ita kaɗai take.

Na ji tausayin Ladi, amma abin da ya fi cika mini ciki shi ne alfahari: ni kaɗai na san ƙarshen. Shekara talatin na riƙe shi, har bayan rasuwar Iya, Allah ya jiƙanta.

To ka ga dalilin da ya sa, kafin jirgin ya iso tasharmu, na riga na yanke hukunci. Binta ce. Ita ce mai son rubuce-rubuce tun muna sakandare, ita ce take Abuja cikin 'yan boko. Na ce wa Amira ba za a shigo mini da littafin nan gida ba, kayan sata ne. Ta maida wayarta jaka. Kwana biyu ba ta ƙara nuna mini komai ba. Abin ya dame ni, don a duk shekarun nan wannan ne karo na farko da ta kawo mini wani abu na ƙasarmu da ɗokinta.

Na kira Binta ranar Asabar. Ko gaisuwa ban bari ta yi nisa ba.

"Binta, tsakaninki da Allah, ke ce kika sayar wa Turawa tatsuniyar Iya?"

Ta yi dariya. Ta ce ita rabonta da rubutu tun haihuwar ɗanta na biyu. Na ce ai dama ba za ki amsa ba. Na ƙara da cewa ko ma wa ya rubuta, ƙarshen ƙarya zai saka, tunda ni kaɗai Iya ta faɗa wa.

"Ke kaɗai? Ai ni ta faɗa wa. Ladi ta shiga ta tarar da ɗaki cike da kaya, ta yi ta ɗiba har ƙofar ta rufe da ita."

Na ce ba haka ba ne. Ta ce wallahi haka ne, ta tuna ranar, ranar da ita Binta ta cinye ƙulin talla. Sai ta ce kuma Yaya Sani, ɗaya daga cikinmu bakwai ɗin, ya taɓa gaya mata nasa: wai Ladi tsoro ya hana ta buɗewa, ta koma gida, ta mutu ba ta san abin da ke ciki ba. Yaya Sani kuwa, har ya yi gemu ba ya iya fita tsakar gida shi kaɗai in duhu ya yi.

Ashe Iya kowa ɗinkin da ya yi masa daidai ta yi masa. Ashe kuma bayanmu an yi wasu jikokin, ga 'ya'yan maƙwabta da suke leƙowa, kowa zai iya zama marubucin.

"Ke me ta ce miki?" in ji Binta.

Na faɗa mata, da sandar da komai.

"Allah sarki Iya," ta ce. "Ta yi ƙoƙarinta." Ta kashe wayar.

Na sake kira sau uku, ba ta ɗauka ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Shekara talatin ina tsaron labarin kamar kayan ɗaki, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ya sa aka ba ni shi ba.

Da yamma na sauka wajen mamak, mai shagon abinci na ƙasan bene, na yi mana tapau, wato ƙunshin tafi-da-gidanka, na gurasar roti da shayi. Na ajiye a gaban Amira, na ce ta sa sunanta a jerin masu jiran littafin, na janye maganata. Ta ɗago ta dube ni.

"Mama, you know the story? Da gaske?"

Na ce na san ɗaya daga cikin ƙarshensa. Ta ture wayar gefe, abin da ban cika gani ba, ta ce da Hausarta mai ɗingishi, "Ki faɗa ni."

Ba mu da murhu, sai risho mai gas da fankar sama. Na kashe fitilar falo na ce ga wata baƙuwa ta iso, a matsa mata wuri. Amira ta matsa. Da muka iso ƙofar tsamiya na tsaya ina kallonta, ina tunanin wane ƙarshe zan ɗinka mata, kamar yadda Iya ta yi mana. Ban samu laifin da zan auna ba. Sai na ba ta nawa, yadda aka ba ni.

Ta yi tagumi ta ce, "But why lah, Mama? Me ya sa ta kawo sanda? Ba ta tambaya ba ma."

Na ce mata ban sani ba. Na ɗauki waya na sake kiran Binta.