Gayyar da Aka Kira wa Mushe Alkasum

Duk wanda ya san garinmu, can gefen Tirmini, ya san Mushe Alkasum da ƴar wuƙarsa ta aljihu. Mu nan Mushe muke ce wa malamin boko. In ya fito daga sallar asuba ba ya wucewa gida. Sai ya bi ta gonarsa da ke bayan lakwal, wato makarantar boko, ya duƙa gindin kowane tohon gawo, ya rage rassan da suka yi yawa, ya bar biyu ko uku masu ƙarfi, sannan ya kakkaɓe hannu ya tafi aji. Bana ya ajiye alli, shi ya sa na ce bari a faɗi abin da idanu suka gani.

A wurinmu, manomin kirki shi ne wanda in ya yi sassabe gonarsa ta fita fes, ba ko tsinke. Shi kuwa Mushe cewa yake a bar tohon ya girma, ganyen gawo taki ne, kuma itacen na tare iska kada ta binne shuka da rairayi. Yana koya wa yara, manya na dariya. Taubashinsa Mutari ya fi kowa: "Mushe, wannan gona ce ko gidan aljanu? In ragwanci ne ka faɗa, mu taimaka."

Ɗaliban jami'a kan zo daga Damagaram kowace shekara, su auna ƙasar gonar da tsawon itatuwan, don a ga ko maganar za ta tabbata. In aka sare itatuwan, aiki ya koma farko, shi kuma Mushe shekarunsa ba za su bar shi ya sake ba.

Bara, gab da damina, ciwo ya kwantar da shi a asibiti a Damagaram. Mutari ya je dubiya da fura, fuskarsa cike da murna.

"Kwantar da hankalinka, malalaci. Na kira maka gayya. Gobe gonarka za ta yi kyan da ba ta taɓa yi ba."

"Gayyar me?"

"Ta sassabe mana. Tun jiya na wasa gatari."

Mutum ya tara maka jama'a don ƙauna, ta ina za ka fara ce masa a fasa? Da ƙyar Mushe ya ce, "Gawon fa, Mutari..."

"Sha furarka," in ji Mutari, ya fita kada motar Tirmini ta bar shi.

Daga ranar, masu jinya sun ce abinci ma sai an lallashe shi. Da aka sallame shi, bai yarda ɗan kabu-kabu ya kai shi ƙofar gida ba, ya ce a sauke shi bayan lakwal. Ya taka a hankali, kai a ƙasa, ba ya son ɗagowa.

Da ya ɗago, ga gawonsa nan tsaye. Kowanne an gyara shi, reshe biyu ko uku, an tara ƙirare a gefe. Ya zauna a ƙasa nan inda yake, ya yi hamdala.

Wasila, wadda ta yi karatu a hannunsa, yanzu uwar ƴaƴa, ita ta kai wa ƴan gayya ruwa ranar, ita ta ba shi labari. Samarin da suka zo duk ɗalibansa ne na da. Da Mutari ya ɗaga gatari suka ce, "Baba, ajiye. Nan ba haka ake yi ba." Ya yi faɗa, ya ce an raina shi, daga baya ya koma inuwar wani babban gawo ya yi barcinsa.

Tana cikin labarin sai ga Mutarin. "To, malalaci, ka ɓata mana yaran gari. Gatarina ko ganye bai taɓa ba."

Mushe ya yi dariya har da hawaye. "Kawo shi gobe, in nuna maka inda ake sa shi."

Kai ne, Mushe, ka sha ba'a ba ka rama ba. Kai ne ka koyar har hannun yaranmu ya iya aikin ba ka wurin. Uban gawo, mun gode. Allah ya ƙara lafiya, ya ba ka tsawon ran da za ka huta a inuwarsu.

Mu kuma, in sassaben bana ya zo, wanda ya ga toho a gonarsa ya duƙa kafin ya ɗaga gatari. Ba abin kunya ba ne. An ga Mutari ma ya fara duƙawa, in yana zaton ba mai kallonsa.