Sandunan da Yayana Ya Yanke

Ko zan manta komai na zamana a New York, ranar da na kai yayana gidan tsohuwar da nake wa aiki ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun wuce, amma har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Gidan yana St. George, a kan tudu, tafiya kaɗan daga inda feri, jirgin ruwan fito, ke tsayawa. Na katako ne tun daga ƙasa har sama, ya girmi kakan kakana. Ginshiƙansa baƙaƙe ne, a bayyane, ba fenti ba komai, kuma babu ƙusar ƙarfe ko ɗaya a mahaɗarsu. Kafintocin wancan zamani fafe wannan suka yi suka zura bakin wancan a ciki, suka huda, suka soka 'yan sanduna su riƙe. Kawunan sandunan sun leƙo waje kamar tsawon yatsa, kullum sai sun kama mini gyale. A raina nakan ce, mutane da arzikinsu sun kasa gyara gida.

Shekara biyu ina kula da tsohuwar, in yi mata wanka, in ba ta magani. Da aikin nan nake riƙe kaina da 'ya'yana. Wata rana ƙofar kicin ta ƙi rufuwa, na ce mata yayana kafinta ne tun muna Damagaram. Ta ce ya zo ran Asabar. Ƙofa kawai, sau uku na nanata masa a cikin feri.

Nan da nan ya gama ƙofa, tsohuwa tana sama tana barcin rana. Sai ya tsaya a falo yana kallon ginshiƙai yana girgiza kai.

"Ke, wa ya yi wannan aikin? Amurka guda a rasa ƙusa?"

"Yaya, don Allah mu tafi."

"In tafi in bar gida ya faɗo wa baiwar Allah? Sadaka zan yi. Riƙe mini tsani."

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan: na riƙe. Yaya ne, ban saba yi masa musu ba, kuma tsakani da Allah ni ma sandunan sun ishe ni. Ya sa zarto ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har bakwai, guntayen suna faɗowa ƙasa. Sannan ya zaro ƙusa 'yar inci shida ya kafa a ginshiƙin tsakiya, ya ɗauki guduma. Bugu na uku muka ji ƙas! Icen ya tsage tsawon kamu guda.

Tsohuwa ta sauko tana dogara sandarta. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta sunkuya da ƙyar ta tsinci guntu ɗaya tana juya shi a hannu. Ta ce wani bawan Allah ne ya feƙe shi da wuƙa tun kafin garin nan ya san lantarki, kuma duk zamanta da marigayi mijinta a gidan ko hula ba su taɓa ratayawa a jikin sandunan ba. Yaya kuwa, da Turancinsa na kasuwa, sai washe baki yake yana cewa, "Mama, free! Free!" wai kyauta ya yi mata. Ji na yi kamar in kwaɗa masa gudumar.

Ran Litinin 'yarta ta kira ejensi, masu samar da aikin da suka tura ni, su kuma suka kira ni suka ce kada in koma. Ko sallama ban yi da tsohuwar ba, rigar sanyina ma a can na bar ta. Na daɗe a gida ba aiki. Yaya kuma har gobe in zancen ya taso sai ya ce, "To gidan ya faɗi ne? Ai ƙusata ce ke riƙe da shi."

Na koyi cewa ba duk abin da ya tsufa ba ne yake jiran gyaranmu. Kuma na daina ɗora wa Yaya laifin shi kaɗai, don amanar gidan ni aka ba. Nauyin ce wa babba a'a, na minti ɗaya tak, shi ya raba ni da matar da kullum sai ta riƙe hannuna kafin ta yi barci.