Malam Kassimu da Hutun da Mubashshir Ya Yi a Tozai

Malam Kassimu ya daɗe yana koyar da wasanni a wata sakandaren maza a Sabon Birni. Ɗan manoma ne daga wajen Alkalawa. Da ƙuruciya shi ma ya yi gudu, kafin gwiwarsa ta hagu ta zaunar da shi. Ƙwallo ba ta dame shi ba. Abin da ransa ke so shi ne gudun dogon zango ta cikin gonaki da yashin gulbi, wanda yara ke kira kuros.

Dogon hutu ne kullum ke ɓata masa aiki. Yakan faɗo tsakiyar damina, yara su watse gonakin iyayensu, su dawo da ƙarfin damtse amma ba numfashi. Shi ya sa ya tsiro da atisayen hutu. Bayan asuba waɗanda ke cikin gari su taru a ƙofar makaranta, su bi bakin gulbi, shi yana biye da su a kan babur yana busa usur. Tun da daji ya ɓaci ba ya nisa da su. Matarsa Luba kan dama musu kunu, kuma ya sani kunun ke kawo rabinsu.

A cikin yaran babu kamar Mubashshir. Malam ne ya gano shi tun yana aji ɗaya, ya roƙi mahaifinsa ya bar shi, ya ba shi tsohon kambas ɗinsa. Sai ga shi a hutunsa na ƙarshe an tura yaron Tozai ya taya kawunsa noma.

Hutu ya yi nisa Mubashshir ya zo gida suna, ya fito atisaye da safe. Ana shirin tashi, shi kuwa ya dafa bango yana miƙe ƙafafu.

"Kai, mi kake yi haka?" in ji Malam.

"Ɗumama jiki, Malam. Malam Kamalu ya ce kada a tashi gudu jiki da sanyi."

"Wane Kamalu?"

"Malam Kamaluddeen na makarantar Isa. Shina hutu gidansu Tozai, da shi munka riƙa fita."

Ranar Mubashshir ya bar kowa a baya, ya iso bai ko haki ba. Yara suka kewaye shi suna tambaya, shi kuma Malam Kamalu ya ce kaza, Malam Kamalu ya hana kaza. Malam Kassimu bai sha kunu ba.

Bayan yaron ya koma, ya ce wa Luba, "Gobe za ni Tozai in gaida kawun Mubashshir."

Ta dube shi. "Yaushe kunka saba da shi?"

Ya yi sammako, ya tsaya a gindin wata tsamiya bayan garin Tozai. Can sai ga su sun ɓullo ta tsakanin gero. Kamaluddeen saurayi ne dogo, yana gudu a tsakiyar yaran da ƙafafunsa, gumi ya jiƙa masa riga, yana ba su labari suna dariya. Mubashshir na kafaɗa da kafaɗa da shi. Malam bai taɓa jin yaron ya yi dariya irin wannan a gabansa ba. Ya tada babur ya juya, ko gidan kawun bai tambaya ba.

Washegari ya jingine babur a makaranta, ya naɗe wando, ya ce yau da ƙafa zai ja su. Ya yi ƙoƙari har bakin yashi, nan gwiwar ta ƙi. Yaran suka tallabo shi zuwa gida. Luba na gasa masa ƙafar da ruwan zafi ta ce, "Malam, yaron nan hwa ba gudunka ya yi ba. Noma anka kai shi."

"Ni na san shi tun ba shi da takalmi," kawai ya ce.

Da aka koma makaranta aka yi gasar shiyya a Isa. Mubashshir ya zo na ɗaya, ya wuce duk yaran Kamaluddeen. Da ya tsallaka layi, Malam Kassimu na ɗingisowa da gorar ruwa, amma Kamaluddeen ya riga shi, ya rungume yaron. Daga nan ya zo ya rusuna ya ce, "Baba Malam, barka. Ka yi aiki ga yaron ga."

"Na sani," in ji Malam, ya karɓi kofin gasar. Har motar ta sauke su a Sabon Birni bai yi wa Mubashshir magana ba.

Malam Kassimu na nan yana fita da yara duk damina, a kan baburinsa. Mubashshir yana karatu a Sakkwato, kuma duk hutu yakan zo gaisuwa da tsarabar goro. Kafin ya gama zama Malam zai tambaya, "Ka biyo ta Isa?" In ya ce a'a, a kawo fura a sha hira har la'asar. In ya ce e, sai Malam ya tuna yana da wani uzuri a kasuwa.