Ranar da na tsare jirgin alhazan garinmu

Shekarun baya, ina aiki a hasumiyar da ke ba jirage izinin tashi da sauka, aka kawo maniyyatan Mafara da Bakura da Maradun filin jirginmu. Cikinsu har da mahaifiyata da yayanta, kawuna, malami ne da ake ji da shi a Bakura. Da na je gaishe su, kawu ya riƙe hannuna a gaban mutane ya ce, “To, mun iso gidanka. Kak ka bari mu yi jira, ka ji ko?” Ni kuwa na washe baki na ce in sha Allahu, kamar sararin sama gonar ubana ce.

Jirginsu na shirin tashi, wani ƙaramin jirgi ya riga shi, hanya ɗaya suka nufa. Ƙaramin a hankali yake hawa, nasu kuwa babba ne mai gudu, in na sake shi zai cim masa cikin gajimare, babu mai ganin wani. Sai na tsayar da su a bakin titin tashi cikin zafi. Da suka tashi ma na hana su hawa sama sosai har tazara ta samu, suka yi ta shan girgiza. Matuƙi ya sanar cewa hasumiya ce ta ce a jira, kowa a jirgin kuma ya san ɗan wa ke hasumiya.

Da suka dawo na tafi Bakura barka da sauka. Kawu na rabon dabino da zamzam, ya tsallake ni, ya dubi jama'a ya ce, “Wanga yaro baƙi yab ba hanya, yab bar uwatai cikin rana.” Raina ya ɓaci. Mutumin da na yi wa gadin rai, shi ke tozarta ni!

A ɗaki mahaifiyata ta tambaye ni, “Da ka sake mu, mi za ya hwaru?” Na ce, “Inna, da zaman makoki ake yi a gidan nan yau.” Sai ta zuba mini zamzam nata. Na ɗauka ta tsaya mini, sai ta ce, “Na yarda da kai. Amma tahi ka ba shi haƙuri, babba na.”

Na gane cewa a aikinmu, in ka yi daidai babu abin da ke faruwa, don haka ba ka da abin nunawa. Har yau in na tuna sai abin ya taso mini. Na tafi, na cire takalmi, na durƙusa a gaban kawu, na roƙi gafara saboda ya dawo gida da ransa.