Hanyar Masu Tukwane

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin lafiya, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da na wuce ƙofar gidan surukina a kan keke ban sauka ba. Ku yaran yanzu da ake ba ku babur da akwatin sanyi, na san za ku ce mene ne abin labari a nan. To, ku gyara zama.

A lokacin garin nan sunansa Abuja, ba a kai ga canza shi zuwa Suleja ba, Jihar Neja ma ba ta daɗe da samuwa ba. Ni mataimakin malamin asibiti ne, ƙaramin ma'aikaci a sashen rigakafi. Shugabarmu Sista Laraba ce, mutuniyar Filato, gajeriya, mai magana ɗaya. Daminar shekarar ƙyanda ta shiga ƙauyukan bayan Maje, aka ce a tara yara a makarantar firamare ta Tungan Ƙwarya a yi musu allura.

Ga wanda bai san aikin ba, maganin rigakafin ƙyanda zafi ke kashe shi, kuma in ya mutu ba ya canza kama. Sai ka tsira wa yaro allura, uwa ta yi maka godiya, alhali ruwan banza ka ɗura masa. Shi ya sa muke ajiye shi a firiji mai kananzir, in za a fita a sa kwalaben a fulas, a cika da ƙanƙara, a ɗaure a kariyar keke. Muddin ka girgiza fulas ka ji ƙanƙara na ƙara, magani na da rai. Motar ofis kuwa tana kwance wajen makaniki tun kafin ruwan farko.

Karon farko abokin aikina Yohanna aka aika, ya bi kwalta. Shekarun nan ne aka fara zancen sabon babban birni, manyan motoci suka cika hanya, tifa da tanka da gingimari, direbobi kowa kamar an ce masa gidansu na cin wuta. Wata tifa ta matse Yohanna a kwana, ya faɗa kwalbati, ƙafa ta karye, fulas ya tarwatse. Mata suka wuni a makarantar da goyo a baya, ba su ga kowa ba. Maigarin Tungan Ƙwarya ya aiko cewa zai sake tara su sau ɗaya, don girman Allah, amma in muka sake saɓawa kada mu ƙara nemansa, domin ba zai riƙa ɗauko mata daga gona da damina yana wasa da su ba.

Sista ta tara mu, ta ce, “Ba wanda zan ƙara aikawa ta kwalta. Ƙafa ɗaya ta ishe ni.”

Na ce, “Sista, a ba ni dama in nemo wata hanyar.”

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Malam Shu'aibu, hanyar da keke zai bi, kwalba ba ta fashe ba, ƙanƙara ba ta narke ba, kai ma ka dawo da ƙafafunka biyu. In ka samo, ka zo mu gwada.”

Na fara da burtalin shanu, don shi ne ya fi kama da miƙaƙƙiyar hanya. Taɓo ya kai ni gwiwa, ƙaya ta huda mini taya gaba da baya, na dawo gari ina tura keke, yara na bina suna dariya. Washegari na bi hanyar maharba ta kan duwatsu. Wannan kam keken ne ya hau ni, don a kafaɗa na ɗauke shi kusan rabin tafiyar. Matata Asabe ta ga yadda na dawo, ta ce in dai haka aikin gwamnati yake, gara noma. Ni kuwa na riga na ƙudurta a raina cewa ko ta ƙarƙashin ƙasa ne sai maganin nan ya isa.

A kasuwa Allah ya buɗe mini ido. Na je sayen facin taya, sai na ga matan Gwari suna sauke tukwane daga kafaɗa, manya-manyan randuna da tuluna, an jera su cikin raga. Na san daga wajajen Tungan Ƙwarya suke zuwa. Na tsaya ina dubawa, ko ɗaya babu tsaga. Na ce wa kaina, ai hanyar da ɗanyen kaya irin wannan ke bi lafiya, kwalba ma za ta bi. Na gai da babbarsu, wata dattijuwa mai dariya, na tambaye ta ta ina suke biyowa.

Ta ce, “Malam, hanya ba a faɗarta da baki. In kasuwa ta tashi, ka biyo mu.”

Na bi su ina tura keke. Hanya ce siririya, amma ƙafa ta daɗe tana dakanta har ta yi sumul. Ba ta hawa dutse, kewaya shi take yi. Inda ta ƙetare rafi yashi ne, ruwan bai wuce idon sawu ba. Yawancinta a inuwar ɗorawa da kaɗanya take, kuma ko ƙarar mota ba ka ji. Ta fi kwalta tsawo kaɗan, amma na dawo gida ina jin kamar an yi mini ƙarin girma.

Sista ba ta yarda da labari, sai gwaji. Ta cika fulas da ƙanƙara zalla, babu magani, ta ce in je in dawo in faɗa mata abin da na tarar a ciki da na isa. Na fita da sassafe. Abin da ban lissafa ba shi ne, ranar da na bi matan nan da yamma ne, kuma a ƙasa nake. Hanyar ta ratsa ta tsakiyar tungaye, kowace tunga kuwa da dattawanta a ƙofar gida suna shan hantsi. A tarbiyyarmu, yaro ba ya wuce babba a kan keke. Sai ka sauka tun daga nesa, ka jingine shi, ka durƙusa. Ina kwana, ina gajiya, ina ruwa, yaya mutanen gari, yaya abokin aikinka mai karayar ƙafar nan da muka ji labari. Wani ya sa a kawo maka ruwa, wani ya nuna maka kumburin gwiwarsa tunda ya ji kai malamin asibiti ne. Ka hau, kafin ka yi nisa ga wata tungar. Ko da na isa makarantar rana ta take, na girgiza fulas, sai na ji ruwa yana kaɗawa.

Na dawo na faɗa wa Sista gaskiya. Ta ce, “Wato hanyar ba ta yi ba.”

Na ce, “Hanya ba ta da laifi, Sista. Gaisuwa ce ta narkar da ita.”

“To ka wuce su mana, aiki kake yi.”

Na ce, “In na wuce su haka kawai, magani zai isa da rai, amma ba za mu sami yaran da za mu yi wa ba. Jikokinsu ne. Wa zai ba marar kunya jikansa?”

Ita ma ta san haka ne. Sai na ce a bar ni in je in yi gaisuwar tun kafin ranar.

Haka na yi. Na sayi goro, na bi tungayen nan ɗaya bayan ɗaya, na durƙusa gaban kowane dattijo na yi masa bayanin ƙanƙara da magani. Na nuna musu wani jan ƙyalle, na ce ranar da suka gan shi ɗaure a kan kekena, rai na ɗauko, ina roƙon su yafe mini in wuce. Yawancinsu suka sa albarka. Amma a tunga ta ƙarshe akwai wani tsoho mai kaifin harshe, Baba Ɗanladi, tsohon soja ne. Ya ɓare goro, ya tauna, sa'an nan ya ce, “Mun yarda, yaro. Amma da sharaɗi. In ka wuce mu, ka wuce kowa. Kada mu ji an ce ka sauka wa wani, don a nan ne za mu san mu ne ba mu isa ba.” Na ce na ɗauka. Na san kuma a ƙauye irin wannan labari ya fi keke sauri.

Sai da na hau hanyar dawowa na tuna saura mutum ɗaya. Hanyar masu tukwane ta bi ta ƙofar gidan mahaifin Asabe, a gefen Maje. Ba zan faɗi sunansa ba, har yau kunyarsa nake ji, ko da yake ya daɗe da rasuwa. Kullum da hantsi yana zaune a kan buzu ƙarƙashin bishiyar mangwaro, fuskarsa na kallon hanya. Bayan gidan fadama ce, ba wurin kewayawa. Na je gare shi da goron a aljihu, na tuɓe takalma, na durƙusa, muka gaisa. Na buɗe baki in yi bayani, harshe ya ƙi. Yaya mutum zai dubi wanda ya ba shi 'yarsa ya ce masa, Baba, gobe zan wuce ka a kan keke? Aka kawo fura na sha, na ajiye goron a gefen buzu, na yi sallama ban faɗi komai ba.

Na gaya wa Asabe ko za ta je ta yi mini. Ta riƙe baki ta ce, “Ni? In ce wa Baba me? Rufa mini asiri.” Ta ci gaba da tankaɗenta.

Sista ta riga ni tafiya tun ana gobe, ta sauka gidan malamin makarantar don ta tsara mata. Ni kuwa da na idar da sallar asuba na buɗe firiji, na jera kwalabe, na danna ƙanƙara, na naɗe fulas da jiƙaƙƙen buhu, na ɗaure jan ƙyalle. An yi ruwa, hanya da santsi. Tun daga bakin gari nake ta magana da zuciyata. In na sauka, gaisuwar suruki ba ta gajarta, kuma na karya alkawarin Baba Ɗanladi, mutanensa su janye yaransu. In na wuce, na ci mutuncin mutumin da ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba. Kafin in hango mangwaron na yanke shawara, zan wuce, abin da zai biyo baya ya biyo.

Na sha kwana, sai ga gidan. Buzu na shimfiɗe, babu kowa a kai. Tsohon yana tsaye jikin dangar gidansa, ya juya wa hanya baya, yana ta ɗaure zana da igiya. Zanar nan sabuwa ce, da hannuna na taya kafa ta kafin damina, ba abin da ya same ta. Turmin da kullum ke tsaye a bakin hanya an kawar da shi, ko kaza ɗaya babu a wurin. Ban kaɗa ƙararrawa ba. Na wuce ta bayansa, kusa har ina jin numfashinsa, bai waiwayo ba. Sai da na yi nisa na ji hawaye na gangaro mini, ban kuma tsaya share su ba.

Daga nan hanya ta zama tawa. A kowace tunga dattawa na ɗaga mini hannu, wasu na cewa Allah ya kai lafiya. Inda ruwan daren ya yi taɓo na tarar an jera itace. Baba Ɗanladi kuwa miƙewa ya yi ya ƙame, ya sara mini irin ta soja, yana ihu, “Taka, yaro, taka!”

Na shiga filin makarantar hantsi bai gama ɗagawa ba. Mata sun cika inuwa, maigari na zaune a kujera ya haɗe rai. Sista ba ta ko amsa gaisuwata ba, ta kwance fulas ta kai kunne ta girgiza. Ƙarar ƙanƙarar nan, ban taɓa jin kiɗan da ya kai ta daɗi ba. Ta ce, “A jera yara.” Muka yi aiki har kwalba ta ƙarshe, har da wasu yara daga tungayen da na ratso, waɗanda ba a sa ran zuwansu ba.

Da la'asar na biyo hanya a hankali, na cire jan ƙyallen, na sauka a kowace ƙofa na biya gaisuwar safe. Da na zo gefen Maje, tun daga nesa na sauka, na tuɓe takalma, na durƙusa gaban tsohon, kaina a ƙasa. Muka gaisa kamar kullum. Can ya ce, “Malam, ashe yau ba ka fita aiki da safe ba? Ban ga wucewarka ba.”

Na ce, “Na fita, Baba.”

Ya ce, “To, madalla. Ina can ina fama da danga.”

Har ya bar duniya ba mu ƙara tayar da maganar ba, ban kuma san wanda ya gaya masa ba. Asabe ta rantse ba ita ba ce.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, in an aike ku ƙauye, kada ku tsaya kan duba taɓo da gada kawai. Ku duba su wa ke zaune a bakin hanyar, ku je musu tun kafin ranar, ku faɗa musu gaskiyar abin da kuka ɗauko. Mutanenmu ba sa ƙin aikin lafiya, raini ne ba sa so, kuma in ka ba su girmansu, da kansu za su nemo maka hanyar da kai ba ka iya roƙa ba. Mun ci gaba da bin hanyar masu tukwane har aka gyara motar ofis, ba wanda ya ƙara ko da gurjewa. Kuma duk safiyar da na ɗaura jan ƙyallen nan, sai na tarar dangar surukina tana bukatar gyara.